Mahaifiyarsa ta rasu, an ce in ɓoye masa sai ya gama jarrabawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a wuya.

Ni malama ce a wata sakandare a Agege, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya cikin ma'aikata, shi ya sa aka saka ni a kwamitin kula da walwalar ɗalibai. Duk uban da bai jin Turanci ko Yarbanci wurina yake zuwa. Akwai wani yaro a ajin ƙarshe, mai natsuwa, mahaifinsa yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Tun kafin azumi aka kai mahaifiyarsa gida Arewa jinya. Makon jiya uban ya kira ni daga can, ya ce Allah ya yi mata rasuwa, har an yi jana'iza. Ya gaya wa yaron kaya ya tafi ɗaukowa. Ya roƙe ni in rufe bakina har a gama jarrabawar fita, ya ce burin marigayiyar ke nan yaron ya gama, kuma ni ya ba amana. Na amsa ban yi tunani ba.

Yaron ba shi da waya, da tawa yake gaisawa da uwarsa lokacin hutun tara. Yanzu kullum sai ya zo ofis, ya ce, "Malama, a ƙara gwada lambar Umma mana." In kira, a ce a kashe take, in ce masa ƙila matsalar sabis ce. Shekaranjiya ya ce to bari ya yi mata saƙon murya, in ta kunna za ta gani. Ya ba ta labarin takardar lissafi, ya tsokane ta cewa ta tafi ta bar shi da girkin Baba, shinkafa kamar siminti. Yana dariya, ni ina kallon tagar ofis.

Shugabar kwamitinmu, Bayarabiya ce mai kirki, ta lura yaron ya rame, ta tambaye ni me ke faruwa a gidansu. Ƙa'idar makaranta ita ce duk wanda ya san an yi wa ɗalibi rasuwa ya sanar da ita, ita kuma a ranar take zaunar da yaro ta gaya masa. Na sake kiran uban, da yake ya dawo, na ce abin ba zai ɓoyu ba, matan layinsu sun fara shiga gida gaisuwa in yaron ya fita. Ya yi fushi, ya ce ya riga ya gargaɗe su, kuma in yaron ya faɗi jarrabawa alhakin yana kaina, ya kashe waya.

In na faɗa, na ci amanar uba, ƙila kuma yaron ya kasa zama sauran takardun. In na yi shiru, wata rana mai shayin bakin layi zai ce masa "ya haƙuri", ya gane cewa ni da yake zama a gabana na sani tuntuni.

Iyaye da malamai, ya zan yi? Gobe da safe zai zo ya tambaye ni ko Umma ta saurari saƙonsa. Me zan ce masa?