Gyaran Mota Na Je, Na Dawo Soja

Malamata, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan randa a tsakar rana, inuwar da nake nema idan kwanon gareji ya ɗau zafi,

Ina gaishe ki da dukan zuciyata. Sau uku na wanke hannu kafin in taɓa takardar nan, duk da haka ga tabon baƙin mai a gefe, ki yi haƙuri. Ki nemi wuri ki zauna, masoyiyata. Sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin soja, kuma wallahi ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Ni fa ba aiki na je nema ba. Motar hafsan da ke ɗaukar sabbin sojoji ce ta ƙi tashi, maigidana ya tura ni in duba. Ina sunkuye cikin inji, hafsan yana yi wa samari bayani: albashi duk wata, ɗaki a bariki, takardar shaida ga mai sana'a, fansho idan ƙarfi ya ƙare, asibiti kyauta ga soja da matarsa. Yana cewa matarsa, sufanar da nake ɗaure inji da ita ta suɓuce daga hannuna. Na tayar da motar, sai kawai na tsinci kaina a layi da kayan aikina. Aka auna tsawona, aka sa mu gudu, aka buɗe bakina ana duba haƙora kamar ragon sayarwa. Wai na ci!

Tun daga ranar kowa ya ƙara rikita ni. Babanki, da sau biyu yana cewa ba zai ba da ke ga mutumin da abincinsa ke jiran motar wani ta lalace ba, jiya da kansa ya jawo mini kujera, har da ce mini ɗana. Innata kuwa sai kallona take yi kamar yau ta fara ganina. Maigidana ya ce na haukace, gari na wayewa kuma ya ce kada in manta da shi idan motocin bariki suka buƙaci gyara. Wa zan saurara?

Sai da na je sa hannu magatakarda ya faɗa mini abin da hafsan ya tsallake: sabon soja ba ya aure sai ya shekara uku. Shekara uku, Malamata! To ɗakin na waye? Asibitin na matar wa? Idan na zauna a gareji, Baba ya hana ni ke. Idan na sa kaki, Baba ya ba ni, soja ya ce in dakata. Na shiga don in matso kusa da ke, ga shi mota za ta ɗauke ni ta yi nisa da ni. Kaina ya ɗaure, ni da nake warware wayoyin inji ido rufe.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya koro ki garejinmu, kin rungume littattafan ɗalibanki? Kika zauna a kan tsohuwar taya kina yi musu maki, ni kuwa na kwance ƙusa ɗaya na ɗaure ta ya fi sau goma don kada aikin ya ƙare. Da ruwan ya ɗauke kika ce aikina yana da kyau, sai dai ba ni da sauri. Ya furen da ya tsiro a tsakiyar ƙarafa, yaya zan yi shekara uku ban ji kin tsokane ni ba?

Akwai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. A takardar akwai layin wanda za a sanar idan wani abu ya same ni. Ban yi tunani ba na rubuta sunanki. Magatakardan ya ɗago kai ya ce, “Mece ce ita a wurinka?” Na ce wadda nake so ce. Ya ce babu gurbin wadda ake so, sai uwa ko mata ko ɗan'uwa, ya soke sunanki a gabana. Na ji tsoro, ban ɓoye miki ba. Ashe zan iya faɗuwa a wani daji, ke kuma sai dai ki ji a bakin mutane.

Na yi laifi da ban fara tambayarki ba, na sani. Motarmu za ta tashi ranar Litinin da safe. Ki aiko mini da kalma ɗaya kafin nan, don Allah. Idan kin ce tafi, zan tafi in ƙirga kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Idan kin ce zauna, zan koma ƙarƙashin mota, in ci gaba da sallama a ƙofar Baba har ya gaji da korata. Abin da ba zan iya ba shi ne in hau motar nan ban san ko za ki jira ni ba.

Ban san ko soja ne ke rubuto miki ko bakanike ba. Ko wanne ne a cikinsu, ba zai kalli wata ba har ƙasa ta rufe idonsa.

Naki, da kaki ko da baƙin mai,
Bakanikenki