Guzurin Na'urar Dakta Turki

Rusaifa, Makka

Yaya Ummulkhairi,

Gaisuwa mai yawa, ya yara, ya Madina? Safiyar Lahadi ina goge ƙasa a wurin aiki na ga Ɗaso, ƙanwar Baba, wadda ke dafa mana gahawa, ta buɗe akwatin darma ta cusa ƙullin dabino, ta rufe, ta shafa addu'a.

A akwatin nan ake gwajin na'urar maigidanmu Dakta Turki, wadda za a ɗora wa tauraron ɗan'adam ta riƙa jiyo hasken gamma, wani haske na taurari da ido ba ya gani. Idan tana cikin darma, shiru ya kamata ta yi, don darma na tare hasken. Tun ranar kuwa surutu take a kwamfuta. Dakta ya daina cin abinci, ya ce ko ta lalace, ko mai shara ya taɓa ta. Mai shara kuwa ni ne. Ya ce idan Alhamis ta yi ba a gano ba, kalas, magana ta ƙare, in ajiye makulli.

Na sami Ɗaso a keɓe, ta ce, "Kai Hudaifa, abu zai yi tafiya har sama, a sallame shi ba guzuri? A gidan wa aka yi haka?" Na cire ƙullin a ɓoye, washegari ta sa wanda ya fi shi.

Ƙaninki, Hudaifa.

Madina

Hudaifa,

Muna lafiya. Kada ka kuskura ka kai ƙarar uwa. Ka ja Dakta ya buɗe akwatin da hannunsa, kai kuma ka kalli silin. Ka gaishe ta, ka ce na ce guzurin ya yi kaɗan.

Yayarki.

Rusaifa

Yaya,

Bayan gaisuwa, na yi yadda kika ce. Dakta ya ciro ƙullin, na'ura ta yi tsit. Ya mayar, ta ci gaba. Ya yi ta yi har na gaji da kallon silin. Wai dabino na da wani sinadari mai fitar da ɗan hasken nan, kuma na'urar da ta jiyo dabino lafiyarta ƙalau.

Ya ce, "Wa ya sa wannan?" Ɗaso ta ajiye butar gahawa ta ce, "Ni ce, ya waladi, ɗan nan, tunda ku ba ku da tarbiyya." Ya tashi ya sumbaci kanta, ya roƙe ta ta bar guzurin sai ranar tafiya. Ta ce za ta duba.

Makulli na aljihuna. In kina ganin ƙari na yi, tambayi Marwan mai gadi da Injiniya Manar, a gabansu aka yi.

Hudaifa.