Yajin Jego Ya Sauka a Wata Sukamaju

Zuwa ga:
Alhaji Abdulwasi'u Maman,
Mudir, Kamfanin Jigilar Kaya na Tantabara,
Reshen unguwar Kudai, Makka.

Daga:
Badamasi Tela, unguwar Ka'akiyya,
a madadin maiɗakina, Hajiya Hure.

20 ga Sha'aban, 1446.

Game da: Kwalin barka da aka kai wa wani Abdullateef daban

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da fatan alheri, ina gabatar da kukan maiɗakina, wadda ta ce in ban rubuto ba ita za ta zo maktab, wato ofishinku, da kanta. Na ga rubutun ya fi mana sauƙi, ni da ku.

1. 'Yarmu Ikhlas tana auren Abdullateef, ɗan Indunusiya da ya tashi a unguwar Zahir nan Makka, sun koma garinsu can Indunusiya. Da ta haifi 'yarta Nasiha, Hajiya Hure ta haɗa kwali: zanen goyo, rigunan jarirai da ta ɗinka da hannunta, dabinon ajwa, kanwa, da yajin jego da ta daka har maƙwabta suka yi ta atishawa. Ranar 3 ga Muharram muka kawo shi maktab ɗinku.

2. Adireshin can ba irin namu ba ne, da za a ce bayan masallaci, a tambayi mai shayi. Akwai lardi, Jawa ta Yamma. Akwai gunduma, Cianjur. Sai ƙaramar hukuma, sai ƙauyen Sukamaju, sai lambobin unguwa, sannan lambar gidan waya mai alƙaluma biyar. Hajiya Hure ta haddace shi kamar karatun allo, ta karanta wa ma'aikacinku Ɗanladi a tsaye. Ya ce mata ba sai ta wahala ba, lambar kaɗai ta isa, na'ura ta san sauran.

3. Lambar tana farawa da huɗu. Ɗanladi, wanda shawarma ke hannunsa na hagu a lokacin, ya danna tara. Daga baya surukinmu ya bayyana mana cewa tara ta tsibirin Sulawesi ce, kuma sunan Sukamaju a ƙasarsu ya kusa kai yawan Muhammadu a tamu.

4. Tun daga Safar muke zarya. Kullum a ce mana bukra, wato gobe. Hajiya Hure ta ce a sanar da Mudir cewa ta san ma'anar bukra tun kafin a haifi Ɗanladi.

5. Ranar 11 ga Rajab aka kira wayata. Wani dattijo ne masunci, shi ma Abdullateef, shi ma na Sukamaju, amma ta Sulawesi. Ta bakin limaminsu, da Larabci, ya yi mana godiya. Ya ce dabinon an raba a masallaci, an yi mana addu'a. Kanwar sun ɗauka gishiri ne, ta ɓata musu miya, amma sun yafe. Yajin kuwa, ya ce bai taɓa cin gasasshen kifi da irinsa ba, yana tambaya ko akwai ƙari. Ranka ya daɗe, bawan Allahn nan bai yi jego ba.

6. Wannan ba abin dariya ba ne a gidana, ko da yake na yi dariyar a ɓoye. Saboda matsalar takardun zama da Mudir ya sani, Hajiya Hure ba ta iya fita daga ƙasar nan ta dawo. Ba ta ɗauki jikarta ba, ba ta yi mata wanka ba. Kwalin nan shi ne hannunta. Ikhlas ta gama arba'in da barkonon wasu mutane, yarinya kuma yanzu rarrafe take yi. Ranar da aka turo hoton rarrafen, uwar gidan ba ta ci abinci ba.

Saboda haka muna roƙo cikin ladabi:

A karɓo zanen da rigunan daga Sulawesi a kai su Jawa, ko ƙanen da Nasiha za ta yi nan gaba ya samu. Kada a tayar wa dattijon da hankali, ba shi da laifi. Kada kuma a kori Ɗanladi, yana da iyali. A dai sa shi ya riƙa karanta lamba da ƙarfi, hannuwansa biyu babu komai.

A ƙarshe, a karɓi sabon kwali ranar Asabar, kamfani ya ɗauki nauyinsa. Hajiya Hure ta riga ta ɗinka sababbin riguna. Na duba su, na 'yar shekara uku ne. Ta ce ta auna su ne da saurin kamfaninku.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Badamasi Tela