Motarka Lafiyarta Lau

Sabha, Libiya.

Zuwa ga ƙanena Haidar,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Ka gaida Umaima da yara. Ni lafiya nake. Yatsun nan biyu da injin wurin aikina ya datse mini sun daina zogi, rubutu ne dai ya karkace.

Na ga saƙonka, wai ƙaramar bas ɗin da na saya maka tana shan mai tsakanin Aliero da Jega, in aiko da sabon injin. Na sa James makanike ya duba ta. Fulogi lafiya, filta lafiya, tanki ba ya yoyo. Tayoyi kuwa duk huɗu a kwance. Ashe tun da ka sace musu iska don ratsa yashin Danwarai ba ka mayar ba, wata uku ke nan. Sannan ka cire kujeru ka jibga buhunan albasa har bisa rufi. Motar mutum bakwai ce, ba jakin Baba ba, wanda ka kashe da lodi ka ce maye ya kama shi.

Da kuɗin aikin da ya ci mini yatsu na sayi motar nan, yatsuna kake ja bisa titi. Ka miƙa wa James makulli ranar kasuwar Jega, a gaban mutane. Kada ka sa Inna ta roƙe ni.

Motar lafiyarta lau. Abin da ya lalace a kujerar direba yake zama, kuma na zaga Libiya, ba a sayar da kayan gyaransa.

Allah ya shirye ka.

Yayanka,
Atiku