Shanyar Habu a Bakin Kwalta

Assalamu alaikum, ƙanena Garba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya Hajara da yara? Ya Fatakwal, ya ƙafar taka? Mu nan sai godiya. Idi tela ke rubuta mini, na ce kada ya gyara maganata.

Malam Sale mai kifi ya rasu ranar Laraba. Yana dawowa daga kogi a kan keke, ya tarar shanyar shinkafa ta cinye gefen kwalta, ya kauce ya hau titi, motar Kano ta kwashe shi. Shinkafar ta ɗanka Habu ce.

Mun je ƙaramar hukuma a yi mana tudun rage gudu, suka ce ƙauyenmu ba ya cikin takardarsu. Ni da na san hanyar nan tun tana turbar jakuna, yau ake ce mini ba ma nan!

Kwana uku da jana'iza Habu ya sake baza shanya a wurin. Na yi magana, ya ce, "Baba, ai kowa nan yake shanya." Na ɗauki tsintsiya na share ta cikin rami. Yanzu ba ya gaishe ni. In ya sake bazawa, zan sake sharewa.

Ka kira shi, ka ba shi filin bayan gidanka ya riƙa shanya a can, tunda maganarka yake ji. Jikokinka ta gefen nan suke zuwa makaranta.

Ka gaida kowa. Ka sa Sale a addu'a, da mu da muka rage muna tafiya a ƙasa.

Yayanka,
Audu