Umma, Na Sauke Miya Kafin Mai Ya Taso

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hauwa. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma Yaya Habu ya ce idan na rubuta zai sa a shafinsa, ko wani zai gani ya yi miki addu'a. Na ce to, amma kada ya sa hotona.

Muna nan a gidanmu na unguwar Congo-Russia. Na shiga sakandare, rigar makarantar ma Baba ne ya ɗinka mini da kansa. Gwaggo Lami ta zauna da mu bayan rasuwarki, amma ta koma Bauchi wajen 'ya'yanta, don haka girki ya dawo hannuna. Tuwona yana yin gudaji wani lokaci. Miyar kuka kuwa na iya.

Abin da nake so in gaya miki a kan Baba ne. Wata rana jiri ya ɗebe shi a shago yana kan keken ɗinki, Yaya Habu da maƙwabtan shago suka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Aka ba shi magani, aka ce ya bar gishiri da magi, ya rage mai. Da na je duba shi, wata nas ta dube ni ta ce, "Ke ce mai girki? To maganinsa rabi yana cikin tukunyarki." Maganar ta zauna mini a ƙirji.

Na daina sa gishiri. Kin san Baba ba ya kushe abinci. Sai ya yi loma biyu, ya ce Alhamdulillahi, ya rufe kwano. Na gwada ƙara daddawa, na gwada ƙara albasa, duk ɗaya. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Daga baya Yaya Habu ya gaya mini a ɓoye cewa idan yunwa ta dame shi a shago, aikawa yake a sayo masa shinkafa da miya wajen mai abinci ta bakin Titin Bauchi, wadda miyarta magi ne zalla. Ranar da aka koma awo, jinin bai sauka ba.

Umma, na ji tsoro. Ba ni da bakin da zan ce wa Baba ya daina. Ko kallon idonsa ban iya ba, balle in yi masa faɗa yadda za ki yi. Abin da ya rage mini shi ne in dafa abin da zai ci a gida ya ƙoshi.

Kin tuna Anti Kaneng, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda kike aika wa wainar Sallah? Yanzu tana yi wa wasu 'yan China masu aikin ma'adinai girki. Ita ce ta gan ni a bakin famfo ina wanke kwanon Baba da sauran tuwo a ciki. Ta tambaye ni, na gaya mata kaɗan, sauran ta gane da kanta. Ta ce akwai wata miya da ogoginta suke so, ta ruwan lemo, da ake zubawa a kan kaza da ganye. Su suna sa mata wani baƙin ruwa mai gishiri da ake yi da waken soya, amma ko an cire shi tsami da zaƙi da citta suna riƙe baki. Ta ga alamar shakka a fuskata, sai ta yi dariya ta ce, "Ba giya, ba alade, my dear. Lemo ne kawai. Babanka zai ci." Har yanzu "babanka" take ce mini, kamar yadda take ce miki "mijinka", kina dariya.

Ta lissafa mini kayan a tsaye, tana saurin tafiya aiki. Ruwan lemon zaƙi, da ɗan lemon tsami. Ɗanyar citta da tafarnuwa. Zuma kaɗan. Attaruhu ɗaya. Ɓawon lemo. Sai farin garin masara mai laushi kamar hoda, wanda ake sayarwa a kwali, shi ne zai sa ta yi kauri. Ta ɗebo mini garin daga nata a leda.

Na fara gwadawa ranar wata Asabar, kuma na ɓata ta.

Ban yi da gangan ba, yadda kika koya mini na bi. Kullum idan na tsaya kusa da ke a kicin cewa kike, "Kulu, kada ki sauke miya sai kin ga mai ya taso." Don haka na zuba ruwan lemon a tukunya, na zuba karas da kabeji da kaza gaba ɗaya, na rufe, na zauna ina jiran mai ya taso. Ɓawon kuma na goga shi a magogi har da farin cikinsa. Mai bai taso ba, don babu man kirki a ciki. Na ƙara wuta, na ƙara jira. Da na buɗe, miyar ta yi duhu, kabejin ya narke, ɗaci kuwa kamar an jiƙa maɗaci.

Yaya Habu ya ɗanɗana ya ce, "Wannan idan 'yan China suka ji an ce tasu ce, sai sun kai ƙara." Amma ya tsince naman kaf. Baba na kai masa don ba ni da wani abin kai masa. Cokali ɗaya ya yi. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya rufe. Na shiga ɗakinki na zauna a bakin gado har aka kira la'asar.

Da yamma na leƙa ta katanga da sauran a ƙaramin kwano. Anti Kaneng ta taɓa da yatsa, ta ɓata fuska. Ta ce, "Wannan miyan ba ya son dogon wuta. Ba miyan kuka ba ne. Kana gani ya yi kauri, ya yi ƙyalli, ka sauke." Ta ce ruwan lemo idan ya daɗe yana tafasa ƙamshinsa guduwa yake, ganye kuma a bar shi da ɗan ƙarfinsa, ana tauna ana jin ƙaras. Game da ɓawon ta ce koren saman kawai ake so, farin nan shi ne ɗacin.

Na gwada fere koren da wuƙarmu, amma hannuna zurfi yake yi, kullum sai ya ɗebo fari. Sai na tuna masu sayar da lemo a baro. Su ai koren kawai suke cirewa, siriri kamar zare, su bar farin a jikin lemon don mai saye ya tsotsa. Abin da suke zubarwa shi nake nema.

Kin san ni da kasuwa. Ko a bayanki nake, idan mai kaya ya yi mini magana ɓuya nake a gefen hijabinki. Amma na je kasuwar Farin Gada ni kaɗai. Na sayi karas da kabeji da koren wake da koren tattasai da albasa mai lawashi ba tare da wahala ba, don nunawa kawai nake da yatsa. Wajen mai lemo ne na tsaya. Dattijo ne, yana da baro kusa da inda ake sauke buhunan kabeji daga mota. Na wuce shi na dawo, na sake wucewa. Shi ne ya fara magana, ya ce, "'Yata, lemon ba ya cizo."

Na ce ya ba ni lemo, ya wanke, ya fere mini, amma ɓawon ya zuba mini a robar da na zo da ita. Ban san ko ya ji ba, don ni kaina da ƙyar na ji muryata. Ya ce, "Ɓawo? Sauro ne ya dame ku za ku yi hayaƙi, ko akuya kike kiwo?" Masu lodin da ke zaune a kan buhuna suka juyo. Na ce miya zan yi. Ɗayansu ya ce, "Miyar ɓawo! Allah ya sa ba gidan zan yi aure ba." Suka fashe da dariya. Ƙafafuna suna cewa in gudu, har na ɗan juya.

Ban gudu ba, Umma. Na ce babana ne ba shi da lafiya, an hana shi gishiri, ba ya cin abinci. Na faɗa da ƙarfi har suka ji. Wanda ya yi maganar auren ya ce, "Ayya, Allah ya ba shi lafiya," ya koma wajen buhunansa. Mai lemon ya wanke hannunsa da ruwan buta, ya wanke lemon, ya ce in matso in kalla. Ya ce, "Wuƙa ba ta tafiya. Tsayawa take wuri ɗaya, lemon ake juyawa." Ya miƙo mini ɗaya na gwada a gabansa. Zaren yana ta tsinkewa, amma fari bai biyo ba.

Ga yadda na yi a karo na biyu, don ki san abin da ake dafawa a kicin ɗinki. Na yanka tsokar kaza ƙanana, na barbaɗa mata garin masarar, na soya da mai cokali biyu har ta yi ja, na kwashe. A kaskon na zuba karas da koren wake, ina juyawa a wuta mai ƙarfi, sai tattasai, kabeji a ƙarshe. Tun launinsu bai canja ba na kwashe. Na soya citta da tafarnuwa da attaruhu kaɗan, na zuba ruwan lemon da na matse na tace, da lemon tsami, da zuma, da koren ɓawon da na yanka sirara. Garin masarar na dama shi da ruwan sanyi tukuna, kamar yadda kike dama kamu kafin ki sheƙa masa tafasasshen ruwa. Wannan ba sai an gaya mini ba, a wajenki na gani. Ina zubawa ina juyawa, nan take ruwan ya kama jikinsa, ya yi ƙyalli.

A nan ne hannuna ya tsaya. Miyar ba ta yi ko tsawon alwala a wuta ba. Kamar ina jin ki a bayana kina cewa ban ga mai ba tukuna. Na ce a raina, Umma ki yi haƙuri, wannan ba irin taki ba ce. Na sauke. Na juye kazar da ganyen a ciki, na watsa lawashi.

Na kai wa Baba da farar shinkafa bayan magariba. Ya buɗe ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mene ne a ciki?" Na durƙusa na lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, har da inda na koyo. Ya ce, "Zuma a miya?" Na ce eh. Ya ce, "Karas ɗin ma kamar bai ga wuta ba." Na ce haka ake yi. Ban taɓa yin doguwar magana da shi haka ba tun da kika tafi.

Na fita na tsaya a bayan labule. Ina jin cokali yana taɓa kwano. Ya tsaya, na ce shi ke nan. Ashe ruwa ya sha. Cokalin ya ci gaba.

Bai cinye duka ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ya ci fiye da rabi, naman da ganyen kuwa bai bar komai ba. Da na shiga ɗaukar kwano bai ce ta yi daɗi ba. Yana goge hannu ya ce, "Gobe ki ƙara citta. Kuma ki zuba mini a kula in tafi da ita shago."

Tun ranar da aka ɗauke ki daga gidan nan Baba bai taɓa cewa a ƙara wani abu ko a rage a abinci ba. Duk abin da aka ajiye masa addu'a kawai yake yi ya rufe. Na ce to, na fito da kwanon, na zauna a kicin na yi kuka kaɗan, sannan na tashi na duba ko cittar da ta rage za ta isa.

Yanzu ina yi masa ita sau da yawa, wani lokaci da kifi idan babu kaza, wani lokaci ganye zalla. Na fara matsa lemon tsami a wasu miyun ma, yana ci. Yaya Habu ya ce an daina aike wajen mai abinci. A awon da ya wuce nas ta ce jinin ya fara sauka, amma kada mu saki jiki, ya ci gaba da shan magani. Ni nake ajiye masa ƙwayar kusa da shayi.

Na so a ce kin ɗanɗana. Na san da farko za ki ce wannan ai ba miya ba ce, sannan ki ce in ƙaro miki.

Allah ya jiƙan ki, Umma. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Baba lafiya, ya bar mana shi. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya ce amin.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa