Yawun Bidi

Daren Laraba, Gidan Amumune

Dokina Bidi ya ƙi tafiya yau, shi da ban taɓa ɗaga wa bulala ba. Muna dawowa daga gona, daidai tsamiyar bakin tabki ya turje, jikinshi na rawa. Na ja shi ya sha ruwa, ya ja da baya kamar ya ga wuta.

Kawu Idi ya ce, "Ɗana, doki na ganin abin da ba mu gani. Yi mashi hayaƙi." Ni kuwa na ce linzami ne ya ji mashi ciwo. Na zura hannu cikin bakinshi ina laluben miki. Ba komai, sai yawu mai kauri.

Sai bayan isha'i matata Hajara ta tuna mani da karen nan da ya cije shi a ƙafa kafin shuka, wanda aka bi aka kashe.

Yanzu haka ina jin Bidi yana gaigayar turke, yana wani kuka da ba na doki ba. Na haska hannuna. Yankan laujen jiya bai ko rufe ba.

Ance haukan kare na shiga ta yawu. Na wanke da sabulu. Da asuba sai asibiti, Mayahi.

Da ma aljanin Kawu ne.